Dokar da Muka Kashe da Godiya

Har yanzu in aka tayar da hirar tsohon ɗan majalisarmu, abu biyu ake faɗa. Wai manyan Kano ne suka haɗa baki suka kashe masa dokar gadon mata. Wai kuma da ma shi ba ɗan siyasa ba ne, malamin makaranta ne da ya yi makuwa ya faɗa majalisa. Na biyun ban damu da shi ba, wataƙila ma gaskiya ne. Na farkon ne ƙarya. Babu wani babba a Kano da ya taɓa dokar nan. A Rano ta mutu, da rana tsaka, a ɗakin taron wata makaranta, kuma mu muka kashe ta. Ina wurin. Ni ce ma nake zagayawa da abin magana ina miƙa wa mutane.

Kowa Onarabul yake ce masa, ni Malam nake ce masa, don shi ne hedimastanmu a firamare a Fassi. Dogo ne siriri, mai tabarau, maganarsa a hankali kamar yana yi wa 'yan aji ɗaya shifta. Daga makaranta ya yi kansila, daga kansila aka tura shi majalisar jiha, don a lokacin an gaji da masu daɗin baki. Mutane sun zaci babura za su gani, da takin zamani, da keken ɗinki. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse nan da can, ba a ce bai yi ba, amma kana ganinsa ka san ba nan zuciyarsa take ba. Shi doka yake so. In ya je ɗaurin aure, maimakon ya miƙa abin goro ya kama gabansa, sai ya zauna ya kama yi wa dattawa bayanin ƙudurin da ya kai a kan mutanen da ake ajiyewa a gidan yari shekara da shekaru ba a yanke musu hukunci ba. In suna ne, matakalar asibiti zai ɗauko, yadda gurgu ba ya iya hawa sai an cicciɓe shi kamar buhu. Wasu ƙudurorin an tattauna su, wasu suna can suna barci. Samarin tasha suka taɓa tambayarsa ko ita dokar tuƙa ta ake yi a ci da miyar kuka. Ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ce musu a'a.

Ta gadon ce ya fi ƙwallafa wa rai. Abin da ta ƙunsa kaɗan ne. In magidanci ya rasu ya bar gona, hukuma ta sa a raba ta cikin ƙayyadadden lokaci, kason mata kuma a nuna musu shi a ƙasa da iyakarsa. Wanda bai san wajenmu ba zai ce to da me ake yi? Riƙo ake yi. In kin ji an ce wance ana riƙe mata gona, ki sani wani namiji ne yake nomawa, ya girbe, ya zuba a rumbunsa, ita kuma in kaka ta yi a aiko mata da abin da ya sawwaƙa.

Mu ma ana riƙe mana. Babanmu ya rasu ina tsakiyar sakandare a Rano. Ya bar Inna, da mu 'ya'yansa mata uku, ni ce babba, da gona ɗaya mai kyau a bakin hanya, jikin ta wansa. Ba shi da ɗa namiji. Wan nasa, Baffa, yana da kaso a gonar, addini ne ya ba shi, ban taɓa musu ba. Amma mafi yawanta namu ne, ga kuma tumunin Inna. Da aka share makoki Baffa ya ce kada a yi gaggawar yanka gonar marigayi kamar da ma jiran mutuwarsa ake, zai riƙe mana har mu girma. Na girma. Mai bi mini ta girma har ta yi aure ta haihu. Yana nan yana riƙewa.

Baffa ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya dagula lamarin. Autarmu ta yi zazzaɓi mai zafi, shi ya goya ta a babur ya kai ta asibiti. Da Sallah naman gidansa yake fara shigowa. Duk kaka yakan sa a kawo mana dawa a amalanke, ya biyo bayanta da kansa ya tsaya a zaure. Inna ta yafa mayafi ta fito, ta durƙusa daga bayan ƙyaure, ta yi ta godiya. Godiyar dawarta take yi, wadda aka noma a gonarta, bayan an cire abin da aka cire. In ya tafi sai ta dawo tsakar gida, ta dubi buhunan, ta ce na bara sun fi haka, kuma bara ba a yi ruwan bana ba. Ni kaɗai take gaya wa. Wan miji ne. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa cin abinci inda zai gani ba, sunansa ma ba ta faɗa. Ko mai tallan manja ne yake da irin sunan sai ta laƙaba masa wani.

Na gama sakandare ina zaune a gida ina faɗa da ƙannena, sai Malam ya aiko a kira ni. Yana so ya san abin da yake faruwa a cikin gidaje, amma shi namiji ne, iyakarsa zaure, a zaure kuma mazan gidan ne suke ba shi amsa. Shi ya sa yake neman 'yan matan da suka yi makaranta su shiga ciki su jiyo daga bakin matan. Ya ce ya tuna da ni don a aji ni ce ba na bari a ƙarasa tambaya. Na ce masa yaushe zan fara. Ya ce ai bai gama ba.

Na shiga gidaje a Fassi, na shiga a Unguwar Gai, har Saji na je. In dai babu namiji a kusa, matan nan ba sa jira a tambaye su. Ana surfe ana faɗa, ana tankaɗe ana faɗa. Wata ta tashi ta kwaikwayi tafiyar ƙanin mijinta in ya shigo da ɗan gero a kwano, yana taku ɗai-ɗai kamar kujerar Makka ya kawo mata, muka yi dariya har da riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce ita tun tana da haƙora ake riƙe mata. Wadda ta fi kowa zafi wata Bafulatana ce a Saji mai tallan nono, 'yan'uwan mijinta sun haɗe shanun marayunta da nasu, sun kuma nome gonar da ya bari. Ta ce ko gaban gwamna aka kai ta za ta faɗa. Ta miƙe tsaye ta gwada min yadda za ta faɗa, da ludayi a hannu tana nuna gwamnan.

Duk na kwaso na kawo wa Malam. Ana nan ƙudurin ya tsallake karatu na biyu a majalisa, aka miƙa shi ga kwamiti, shi kuma kwamiti sai ya ji ra'ayin jama'a kafin ya ce komai. A Kano aka saba irin wannan zama. Malam ya dage a kawo shi Rano, 'yan kwamitin su ji da kunnensu daga bakin masu abin. Suka yarda. Ya yi murna ƙwarai, wato ya ce to madalla.

Sai ya zauna ya tsara taro irin na hedimasta. Dagatai a gaba. Limamai a gaba. Masu unguwanni, dattawan gari, magidanta, duk a gaba a kan kujeru. Mata a baya a kan tabarmi. Mai magana kuma ta taso ta zo tsakiya ta fuskanci jama'a, kamar ranar ba da kyauta.

Na ce masa, "Malam, ba za su yi magana ba."

"Ke kika ce min sun yi."

"A tsakar gida suka yi. Waɗanda za ka zaunar a gaban nan su ne masu riƙon."

Ya ce zaman jin ra'ayin jama'a ba a yin sa a ɓoye. In aka ware mata a wani ɗaki, gobe za a ce shi ya kitsa musu abin da za su faɗa, kuma dokar da aka yi a bayan idon maza, maza ba za su bi ta ba. Ya ce ai gaskiya ba abin kunya ba ce. Na ce ita gaskiyar ba ta da wan miji. Ya leƙo ni ta saman tabarau irin kallon da yake mana in mun makara, ya ce in je in duba ko an kawo janareta.

Ga kuma maganar zuwa. Matar da ke cikin gida ba ta tashi haka kawai daga Fassi ta tafi Rano. Sai an ba ta izini, sai an kai ta. Wa zai ba matar mamaci izini? Wanda yake riƙe mata. Inna, Baffa ne ya kawo ta. Shi ya ɗauki shatar a-daidaita-sahu, ya zauna a gaba gefen direba, ya saya mata ruwan leda a hanya. Ya ji an ce Onarabul zai yi wa matan da mazansu suka rasu wani abu, ya ɗauka rabo ne. Ba shi kaɗai ba. Da yawa daga cikin matan da buhu a naɗe a ƙarƙashin mayafi suka zo.

'Yan kwamitin sun iso a kan lokaci, mutanen kirki, da manyan riguna. Shugabansu ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce ba su zo koya wa kowa addini ba, sun zo ne su ji ko akwai matsala, in akwai a faɗa ba tsoro. Liman ya buɗe da addu'a, ya ɗora da cewa Allah ya riga ya raba gado da kansa, kuma alhamdu lillahi a ƙasar nan ba a san mai cin na marayu ba. Kujerun gaba duka suka gyaɗa kai.

Na fara kai wa mai kwaikwayon tafiyar ƙanin miji abin magana, don na san ba ta da nauyin baki. Ƙanin mijin yana nan zaune da sabuwar hula. Ta durƙusa. Ta gaida dagatai, ta gaida malamai, ta gaida baƙi, ta tambaye su ya hanya. Ta ce ita dai tun da mai gidanta ya rasu ba ta nemi komai ta rasa ba, Allah ya saka wa 'yan'uwansa da alheri. Ta miƙo min abin maganar kamar yana ƙona ta.

Tsohuwar nan da ake riƙe wa tun tana da haƙora ta yi wa gwamnati addu'a, ta yi wa Onarabul, ta roƙi Allah ya ba da damina mai albarka. Shugaban kwamiti ya tambaye ta a hankali ko tana da gona. Ta ce tana da ita. Ya ce wa yake nomawa? Ta ce yaran gida, Allah ya yi musu albarka. Ɗaya daga cikin yaran gidan yana gaba da furfurarsa yana jan carbi.

Na ce a raina bari in ɗauko ta Saji a gama. Na same ta can ƙarshen tabarma, ta ja mayafi har hanci, surukanta kuwa suna tsaye jikin taga da sandunansu. Na tsuguna na ce mata gwamnan bai samu zuwa ba, amma ga waɗanda ya fi kusa da su. Ta karɓi abin maganar, ta juya wa jama'a gefe, ta ce, "Jam tan," wato lafiya lau, ta ajiye shi a kan tabarma. Ko Hausa ba ta yi ba ranar, matar da ta fi ni iya zagi da ita.

Malam yana zaune gefen 'yan kwamiti yana cire tabarau yana mayarwa. Sai na ji ya ce a ba mahaifiyata. Ya san labarinmu, ya ɗauka ko don idona za ta faɗa.

Inna ta taso. Daga inda aka tsayar da ita zuwa gwiwar Baffa bai wuce tsawon taɓarya ba. Ban taɓa ganin ta matso kusa da shi haka ba. Ni na riƙe mata abin maganar. Na ce mata ƙasa-ƙasa ta faɗi abin da take faɗa in an kawo dawa. Lasifika ta ɗauka, ɗaki duka ya ji. Baffa ya yi murmushi ya gyara zama.

Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya ya riƙe mu amana. Ba mu da abin cewa sai godiya."

Na ɗaga abin maganar zan kai bakina. Ta kama gefen hijabina ta ja, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kul. Ba a gabansa ba." Ba ni da haƙuri, kowa ya sani, amma ba zan tsaya a gaban dagatai in ƙaryata uwata tana durƙushe ba. Na sauke hannuna.

Haka aka yi ta yi har azahar. Aka ci shinkafa. Da za su tafi shugaban kwamitin ya riƙe hannun Malam ya ce masa lalle mutanensa suna da zumunci, Allah ya ƙara haɗa kansu. Da gaske yake. Abin da suka ji shi suka koma suka faɗa, me za su faɗa in ba shi ba? Matan suka tafi da buhunansu a naɗe yadda suka zo da su, suna cewa Onarabul ya tara su a banza ko sabulu babu. A hanyar komawa Baffa ya waiwayo ya ce mana 'yan siyasa haka suke, kada mu sa abin a rai. Inna ta ce haka ne.

Ƙudurin bai sake tasowa ba. Da zaɓen fid da gwani ya zo Malam ya faɗi, kuma cikin abin da aka riƙa yi masa gori da shi har da tara zawarawa ya sallame su hannu wofi. Bayan nan na haɗu da Bafulatanar Saji a kasuwa. Ta sauke ƙwaryarta ta tare ni, ta ce ina dokar da muka ce za a yi, ashe mu ma maƙaryata ne. Ta zage ni da Hausa mai kyau.

Bana bayan girbi aka zube yashi da bulo a kusurwar gonarmu, ta bakin hanya, inda ya fi ko'ina daraja. Ɗan Baffa zai yi aure, gida za a gina masa. Baffa bai ɓoye ba. Zuwa ya yi zaure ya faɗa wa Inna a matsayin albishir, ita kuma ta yi masa fatan alheri daga bayan ƙyaure. In aka kafa harsashi magana ta ƙare. Ko an zo rabo daga baya, ba wanda zai ce a rushe ɗakin amarya saboda mu, can ciki za a tura mu wajen tsakuwa.

Na tafi wajen Malam. Ya koma noma. Na same shi a ƙofar gida da la'asar yana ɓarar gyaɗa a faranti, babu kowa a wurin, gidan da a da sai ka tsallake takalma kafin ka shiga. Na gaishe shi a taƙaice na ce da dokarsa ta wuce da ba a zube bulon nan ba. Ya ce wataƙila.

Ya ɓare wata gyaɗar, sannan ya ce, "Dokar nan ba ta ƙara muku ko taku ɗaya a gonar ba, 'yata. Abin da yake naku, naku ne tun ranar da mahaifinki ya cika. Ni so na yi a ɗauke wa mace nauyin fara magana, hukuma ta fara a madadinta. Sai kuma na tara ku na ce ku fara magana."

Na ce ai na gaya masa. Ya ce ya sani, ba sai na maimaita ba.

Na tambaye shi yanzu fa. Ya ce duk wanda yake da kaso a gado yana iya zuwa gaban alƙali ya nemi a raba, ba lalle sai uwa ba, ni ma na isa. Amma in sani naman Sallah zai daina zuwa, gaisuwa za ta yi sanyi, za a ce 'yar boko ta kai ubanta ƙara, masu zuwa zance wajena za su ragu. Na ce da ma ba su da yawa. Ya ce in ina so zai raka ni. Na ce ya yi zamansa, in aka gan shi za a ce siyasa ce, kuma ga yadda ta ƙare da ya raka mu a baya. Ya ce wannan ma gaskiya ne, ya ɗebo gyaɗa ya zuba min a gefen hijabi.

Inna tana tankaɗe na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce Baffa shi ne ubanmu yanzu. Ta ce in na ɓata da shi wa zai tsaya min ranar aurena, wa zai tsaya wa auta. Ta ce ita da wane ido za ta fita zaure in ya zo. Na ce da ma ba da ido take fita ba, daga bayan ƙyaure take. Ta ce bakina ne zai kashe ni.

"Ni ban aike ki ba," in ji ta. "Ko an tambaye ni haka zan ce."

Na ce na ji. Ta ci gaba da tankaɗe har na ɗauka ta gama da ni, na miƙe zan shiga ɗaki, sai na ji ta ce:

"Ta gabashin gonar, ba ɗorawar nan ce iyaka ba. Kada ya ce miki ita ce. Gambar da ke bayanta ce, babanki da hannunsa ya dasa ta."

Ta kaɗe rariya ta ɗebo wani garin.

Ba zan bi ta bayan Baffa ba, ya kai auta asibiti. Gobe da hantsi zan je zaurensa in durƙusa in gaishe shi yadda aka koya min, sannan in ce a dakatar da ginin, a kira malamai a raba gonar, ya ɗauki nasa ya gina wa ɗansa a ciki. In ya yarda, an gama a gida, kowa ya huta. In ya ce zai duba, ko ya ce in je in turo uwata, daga zauren nan kotun Kibiya zan wuce, ko gida ba zan biya in sake hijabi ba.